Wasiƙar da Na Ba da Aro

Ni da taubashina da rake muka fara neman abinci. Ɗan gwaggona ne, ya girme ni da damina biyu, amma tun muna ƙanana nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini ɓarawon tuwon gwaggo. Mukan ɗauko rake a amalanke daga fadamun wajen Tsauni, mu yanka shi gaɓa-gaɓa a bakin tasha. Ni na tsaya a kasuwa, daga rake na koma wake da gyaɗa, har Allah ya ba ni magazan nawa na kaina, wato shagon ajiye kaya da sayarwa, a nan Matameye. Shi kuwa ya yi lakwal, wato makarantar boko, har koleji, Faransancinsa ya zauna, sai wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai raba abinci da iri ta ɗauke shi ya kula da sitonta. Magazinye suke ce masa.

Ya san aikinsa. Idan ya shiga sito ya ja numfashi sau ɗaya, zai gaya maka a wane layi ƙwari suka shiga buhu. Ni kaina ya taɓa mayar mini da mota guda ta wake, a gaban direbana, wai bai gama bushewa ba. Na ce, "Bawana, ni za ka kunyata?" Ya ce, "Kai dai kwashe jiƙaƙƙen wakenka ka kai wa gwaggo ta yi maka ƙosai." Na kwashe. Da na shanya na duba, gaskiyarsa ce.

A da, ɗaukar ma'aikata a ƙungiyar nan aikin mace guda ne, wata Hajiya ƴar asalin Kance da ke riƙe da biro, wato ofishin ma'aikata, a Damagaram. In za a ɗauki direba ko mai gadi, sai ta zo da kanta da dosiyoyi, wato takardun masu neman aiki, a cikin kwali, a shimfiɗa mata tabarma a inuwar itacen bedin da ke ƙofar sito. Ta kira mutum ta dube shi, ta tambaye shi ɗan wane ne, ta aika a tambayi mai unguwa. Wani lokaci ni ma takan biyo ta rumfata ta ce, "Alhaji, wane fa, yaya hannunsa?" In na ce da sauƙi, ta gane. Ita ta ɗauki taubashina, ita ce kuma take sabunta masa kwantiragi shekara bayan shekara.

Sai aka zo shekarar da tsohon porje, wato shirin aikin ƙungiyar, ya ƙare, aka buɗe sabo. Aka ce duk wanda ke aiki, komai daɗewarsa, sai ya sake nema kamar baƙo. Kuma ba a hannu za a miƙa takarda ba, ta intanet za a tura, da tarihin aiki da wasiƙar da mutum zai faɗi abin da ya sa ya cancanta. Taubashina furfura ta riga ta cika masa gemu. In wannan aiki ya kuɓuce, babu wanda zai ɗauki mai shekarunsa, gonar da ya gada kuwa ba ta ciyar da gidansa wata huɗu. Shi ya sani, ni ma na sani, amma ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

Mako biyu ya yi yana rubuta wasiƙar nan a cikin kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal. Ya rubuta ya soke, ya sake. Da ya gama ya kai wa mai buga takardu na kusa da meri, ofishin magajin gari, aka buga masa. Washegari za shi rabon iri a ƙauyukan Kurni, kwana uku, sai ya biyo ya ba ni takardar a cikin leda.

"Ajiye mini wannan," in ji shi. "Gidana jikoki sun yi yawa, kada in dawo in tarar an naɗe ƙuli da ita."

"Me ka rubuta a ciki? Yawan barcin da kake yi a kan buhuna?"

"Na rubuta yadda na kama wani ɓarawo da jiƙaƙƙen wake."

Da ya tafi, zuciyata ta ƙi haƙura. Akwai wani tsohon malamin lakwal da ke zaman rumfata bayan la'asar, na miƙa masa na ce ya karanta mana ya juya da Hausa. Ya gyara tabarau ya fara. Wallahi ban san bawana ya iya magana haka ba. Ya faɗi daminar da ruwa ya fasa katangar sito, yadda ya tara maƙwabta suka ɗora buhuna a kan katako kafin ruwa ya kai gwiwa, ko ɗaya bai jiƙe ba. Ya faɗi yadda yake gane ƙwari da hanci. Ya faɗi yadda yake sa tsofaffi da masu goyo a gaban layi ranar rabo. Babu fariya a ciki, abin da ya yi kawai. Malam ya cire tabarau ya ce rabonsa da ganin Faransanci mai tsabta haka tun yana aji. Ni kuwa ƙirjina ya cika, kamar ni na rubuta.

To, a rumfar akwai mutane. Kuma a garin nan abu mai kyau ba ya zama a gida ɗaya. Tsanina ya fi kwana a gidajen maƙwabta fiye da gidana. Babbar tukunyar mai ɗakina ta dafa abincin suna a kusan kowace unguwa. Ina da wata babbar riga shuɗiya mai aska takwas, angwaye da yawa sun ɗaura aure a cikinta, wasu ma ban san su ba, ta hannun wani suka karɓa. Wanda yake da abu ya hana, ana tuna masa har ranar jana'izarsa. Don haka da wani ya matso ya ce, "Alhaji, ni ma ina neman aikin nan, a ba ni aron takardar in ga yadda ake yi," ban ga abin tunani a ciki ba. Na ce ya je a yi masa fotokopi ya dawo mini da ita kafin magariba.

Kafin taubashina ya dawo, mutum tara sun are ta. Har da yayan mai ɗakina, wanda ko ido ba na haɗawa da shi. Na ɗauka za su duba su yi tasu. Ashe kowa kai wa mai buga takardu yake yi, a cire suna a sa nasa. Kuma da yake wayata ba ta mutuwa, duk lambata suka bayar. Su suka riga shi turawa. Taubashina da ya dawo ya karɓi takardarsa, ya ci gaba da karanta ta yana sake dubawa, bai tura ba sai ranar ƙarshe.

Bayan kamar wata guda, ina auna gyaɗa da hantsi, wayata ta fara ƙara. Saƙo ya shigo, wani ya biyo, har tara, duk da Faransanci. Na ce lallai alheri ne ya zo da yawa haka. Na aika aka kira Malam. Ya duba na farko, ya duba na biyu, ya ce, "Alhaji, ai duk magana ɗaya ce. An gode, dosiye bai wuce ba."

Ban gama jin wannan ba sai ga taubashina. Ya yi sallama ya zauna a bakin benci. Bai ce mini ɓarawo ba, bai ɗebi gyaɗata ya ci ba kamar yadda ya saba. Ya miƙo mini wayarsa kawai. Ba na karanta Faransanci, amma tsawon saƙon da fasalinsa iri ɗaya ne da tara ɗin da ke cikin tawa.

"Ko kiran ganawa ba su yi mini ba," in ji shi. "Shekara nawa ina riƙe da makullin nan."

Har a lokacin ban haɗa abin da aron takarda ba. Na ɗauka wani ne ya yi masa zagon ƙasa. Washegari na shiga motar Damagaram ban gaya wa kowa ba.

Hajiya ta karɓe ni da fara'a, ta sa aka kawo ruwa. Biron ya sauya. Kwalayen dosiye da na sani jere a bango babu su, sai tebur da ordinata, wato kwamfuta, mai allo biyu. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, ke kika ɗauki mutumin nan da hannunki. Me ya yi miki?"

Ta ce, "Alhaji, ko ganin dosiyensa ban yi ba."

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce da, in aka buɗe gurbi, abin da ke zuwa bai fi ta karanta a kwana biyu ba. Yanzu da kowa ke turawa ta waya, gurbi ɗaya sai a nema daga ko'ina a ƙasar nan har da ƙetare, ko wata guda ta yi tana karatu ba za ta gama ba. Shi ya sa manyansu suka kawo abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ita ke fara karanta komai, ta jera mutane, ta miƙo mata ƴan kaɗan na sama. Sauran na'urar ce ke aika musu saƙon haƙuri.

"Rariya ke nan," na ce.

"Rariya ce. Kuma kada ka ji na ce ba ta da amfani. Ka san a da kaji nawa ake kawo mini gida? Ƙanen babana ya yi shekara ba ya gaishe ni don ban ɗauki ɗansa ba. Yanzu sai in ce ba ni ba ce, kuma gaskiya na faɗa. Akwai wata yarinya daga Kurni, ba ta da kowa a nan, na'urar ce ta ɗago ta sama, yau tana cikin waɗanda muke alfahari da su. Da a zamanin kwali ne, wataƙila dosiyenta na can ƙasa."

"To shi bawana me ya hana shi wucewa?"

Ta danna ta duba. Sai na ga ta matso da fuska kusa da allo. Ta juyo mini da shi. Takardu goma ne a jere, kusan duk layukansu an shafa musu rawaya.

"Duk inda ka ga rawaya, magana ɗaya ce," in ji ta. "Mutum goma daga Matameye, kowanne ya ce shi ya ceci sito daga ambaliya. Kowanne yana gane ƙwari da hanci. Na'ura ta ce kwafi ne, ta zubar da su duka. Nasa ne ya shigo ƙarshe, don haka a wurinta shi ne ma ya fi kowa kwafa." Ta ɗan ƙara duba ƙasa. "Kuma tara daga cikinsu lambar waya ɗaya suka bayar. Alhaji, wannan lambar kamar na san ta."

Na yi ciniki da mutane iri-iri, an cuce ni, na kuma ga an kama masu cuta, amma ban taɓa jin kunya kamar ta ranar ba. Na gaya mata komai. Ta rufe baki da gefen gyale, kafaɗunta na rawa. Da ta samu ta tsaya ta ce, "Wato wasiƙar ma aronta kuka yi kamar tukunyar suna."

"Hajiya, ki mayar da sunansa. Ke kin san shi."

"Ba zan iya ba. Duk abin da na taɓa a nan yana rubuce, ana gani daga can sama. In na ɗago shi da hannuna, ni da shi duk mun tafi."

Amma ta ce akwai ƙofa ɗaya. Dokarsu ta ba wanda na'ura ta zubar damar ya nemi mutane su sake duba dosiyensa, in yana da hujja, cikin kwana goma. Ta tambaya ko yana da abin da zai nuna shi ya rubuta. Na tuna da kayen. Ta ce ya yi, amma bai isa ba. Sai su tara ɗin kowa ya sa hannu cewa wasiƙar ba tasa ba ce.

"Kai ka ba da aro," in ji ta. "Kai za ka bi gida-gida ka karɓo."

Da na dawo, sito na wuce kai tsaye. Na same shi yana share tsakanin layukan buhuna, aikin da ba nasa ba, don kawai kada ya zauna. Na faɗa masa a tsaye, ban rage komai ba. Ya jingina tsintsiya da bango.

"Ajiya na ba ka," ya ce.

"Ajiya ka ba ni."

"Har da yayan matarka?"

"Har da shi."

"Mutumin da ko ƙamshin tafarnuwa ba ya ji, shi ne yake gane ƙwari da hanci?"

Na ga bakinsa na motsi, yana so ya riƙe fushin amma dariya na neman ƙwace masa. Bai bari ta fito ba. Ya ce, "Tun muna yara kake cinye rabona. Je ka gyara abin da ka ɓata, sannan mu yi magana."

Malam ya rubuta mini ƴar takarda mai layi uku, aka buga tara. Na rufe magazan na fara yawo. Wasu sun sa hannu suna dariya, don dama sun san ba za su samu ba, gwaji suka yi. Wani mai gyaran babur ya ce shi bai ma san abin da ke cikin wasiƙar ba, da aka gaya masa wai ya ceci sito daga ruwa sai ya ce, "Ni? Ai ko randa na gani cike sai na kauce." Wani kuma ya ɓata rai sosai. Ya ce in ya sa hannu sunansa zai ɓaci a wurin ƙungiyar har abada. Wannan tsoro ne na gaske, don haka na kira Hajiya a gabansa, ta ce masa wanda ya janye da kansa ba a riƙe shi da laifi, zai iya sake nema wani karo da tasa wasiƙar. Ya sa hannu, amma ya yi wata biyu yana sayen wake a wurin wani. Ɗaya ya tafi cin rani, sai da na bi shi har wani ƙauye bayan Tsauni a kan babur, na same shi a cikin lambun rake.

A kwana na bakwai ina da takwas. Saura yayan mai ɗakina. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidansa in gaishe shi, in tambayi lafiyar iyali, in tashi da takardar a aljihu. Mai ɗakina ta lura. Ta ce, "Kai da kake ciniki da mutanen Kano ba ka ƙifta ido, takarda ce ta gagare ka? Kawo." Ta yafa gyale ta fita. Ban san abin da ta gaya masa ba, har yau ba ta faɗa mini ba. Ta dawo da sa hannu, da kuma saƙo cewa tsanin da ke gidansa ma in aiko a ɗauka, tun da yanzu na fara karɓe kayana.

Muka ɗauki hoton kayen shafi-shafi, da duk soke-soken da ke ciki, muka haɗa da takardu tara, mai buga takardu ya tura ana saura kwana ɗaya. Bayan mako biyu aka kira taubashina ganawa a Damagaram. Ba a ba shi aiki ba tukuna, an dai mayar da shi cikin layi tare da mutum huɗu da na'urar ta zaɓa, duk matasa masu manyan takardu.

Ana gobe tafiya ya zo gidana bayan azahar. Ya tsaya a zaure yana ƴan kame-kame, sannan ya ce, "Shuɗiyar rigar nan tana nan, ko ka ba da ita ga mutum tara?"

Na ɗauko masa. Na kuma raka shi, ko da yake ya ce ba ya bukata.

A waje na zauna a kan benci. Abin da ya faru a ciki shi ya ba ni labari a mota. Mutum uku ne suka yi masa tambayoyi, Hajiya a ɗakin, biyu a cikin allo daga wata ƙasa. Ɗaya daga cikin na allon ta ce ya faɗi yadda aka yi ranar ambaliyar. Ya faɗa mata daga wace kusurwa ruwan ya shigo, da inda ya samo katakon, da abin da ya sa ya fara da buhunan iri kafin na abinci. Ta tambaye shi yadda ƙwari suke wari. Ya ce ya rasa kalmar Faransanci, sai ya ce kamar ɗakin da aka rufe da tsohuwar tabarma a ciki. Ya ce ya ga ta rubuta wani abu tana murmushi. Sun kuma gaya masa a fili cewa sabon aikin da tablet ake yinsa, sai ya koya. Ya ce musu wanda ya koyi zama da taubashi irin nasa, babu abin da zai gagare shi.

Da suka fito, Hajiya ta rako shi har ƙofa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dube ni.

"Alhaji, wannan rigar kamar na taɓa ganinta a wani ɗaurin aure a Kance."

"Hajiya, ita ma na'urar za ta shafa mata rawaya?"

"Ku dai tafi kafin ta gan ku."

Saƙon ya zo bayan kwana goma sha biyu, a wayarsa shi kaɗai. Kwantiragin shekara biyu. Ya zo rumfata da hantsi, ya zura hannu a buhun gyaɗa ya cika aljihu, ya ce, "Ɓarawon tuwon gwaggo, ina kwana." Na ce, "Bawana, ka tashi lafiya." Ba mu ƙara cewa komai a kan maganar ba.

Ya koyi tablet ɗin, da ƙyar, yana zaginta kamar jaki. Kayen kuwa yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa, da kwaɗo. Mutanen gari sun ci gaba da zuwa wurina in an buɗe gurbi, sai in tura su wurin Malam, ya zaunar da mutum ya tambaye shi abin da shi kansa ya taɓa yi da hannunsa, ya rubuta masa wannan. Mai gyaran babur ɗin ta haka ya samu aikin kula da baburan wata ƙungiya.

Rigar ce dai ba ta dawo daga wurin taubashina ba. Na aika sau biyu, na je da kaina sau ɗaya. Ya ce ajiya na ba shi, kuma yana kula da ita yadda na kula da tasa. Sallar da ta wuce na hango ta a filin idi a jikin wani mutum da ban sani ba.